Ɗaga ƙarfe da tsokar matasa: kun tambaya, mun amsa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suke: yara da matasa masu son jikinsu ya murɗe, da iyaye masu fargabar abin da hakan zai haifar. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita tambayoyin don amsa ta samu fili.

Ɗana yana da shekara 12, ya dame ni da zancen ɗaga ƙarfe. Na hana shi, don mun taso muna jin cewa ƙarfe yana tsumburar da yaro. Na yi daidai? (Daga wani uba)

Malam, fargabarka tana da tushe, amma hukuncin da ka yanke ya yi tsauri. Bari mu fara da inda tsayi yake fitowa. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da na ƙauri da na damtse, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. A nan ne ƙashi yake ƙara tsawo. Faifan ya fi ƙashin da ke kewaye da shi laushi, kuma yakan daskare ya zama ƙashi idan girma ya ƙare, akasari tsakanin shekara 14 da 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari. Idan faifan ya karye karaya mai muni, ƙashin yana iya daina tsawo ko ya fito a karkace. Wannan gaskiya ne, kuma daga nan tsoron ya samo asali. An kuma daɗe ana kafa hujja da wani rahoto na shekarun 1960 daga Japan a kan yara masu aikin ƙarfi da aka samu sun gajarta, alhali waɗannan yaran dako suke yi na sa'o'i masu yawa a kullum, ga ƙarancin abinci. Wannan daban, atisayen minti talatin a gaban mai horarwa daban.

Binciken da aka yi a kan yaran da suka yi atisayen ƙarfi bisa tsari bai nuna tsayinsu ya ragu ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi haka a 2008, ta sake jaddadawa a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, cewa ta yi yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, kuma aƙalla kwana uku a mako ya haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ƙashi yana son nauyi daidai gwargwado. Shi ke sa ya yi ƙwari, kuma shekarun balaga su ne lokacin da jiki ya fi tara ƙwarin ƙashin da zai ci moriyarsa har tsufa.

To ina haɗarin yake? Yana wurin yaron da ya ɓoye a bayan gida shi da abokansa suna gasar wa zai ɗaga mafi nauyi sau ɗaya. Mafi yawan raunin ƙananan yara wajen ɗaga ƙarfe na ganganci ne: ƙarfe ya suɓuce ya faɗi a kan yatsun ƙafa, ko ya matse hannu, ko a ɗaga abin da ya fi ƙarfi da baya a lanƙwashe. Hanin da ka yi ba lallai ya hana shi ɗagawa ba, abin da zai hana shi ne ya ɗaga a gabanka. Shawararmu ka ba shi izini da sharaɗi uku: babba wanda ya san aikin yana tsaye a kansa, babu gwajin nauyi mafi girma, kuma ya fara da nauyin jikinsa kafin ya taɓa ƙarfe. Idan yana da ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya ko sikila, ko yana sumewa in ya yi gudu, likita za a fara gani.

Shekarata 13. Wata uku ke nan ina atisaye. Abin da nake ɗagawa ya ƙaru sosai, amma ƙwanjina yana nan kamar sanda. Abokina ɗan ajinmu kuwa ya cika riga. Me nake yi ba daidai ba? (Daga wani ɗalibi)

Ɗanmu, babu abin da kake yi ba daidai ba. Jikinka yana bin hanyar da ya kamata ya bi, kuma tambayarka ita ce mafi muhimmanci a cikin duk waɗanda suka zo.

Ƙarfi yana zuwa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa tsoka. Tsoka ɗaure ce ta dubban zarurruka, kuma an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da jijiyar da ke tashinsa. Wanda bai saba aiki ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tashin rukunan duka a lokaci ɗaya. Wasu suna ja, wasu suna barci, ga kuma tsokar da ke ɗaya gefen gaɓar tana turjewa maimakon ta saki. Da maimaici sai ƙwaƙwalwa ta koyi kiran rukunai da yawa tare, da sauri, kuma a jere daidai. Ka ga mutum goma masu tura mota: idan suka tura a tare motar za ta tafi, ba tare da ɗayansu ya ƙara ƙiba ba. Wannan shi ne ƙarfin da ka samu a wata ukun nan. Yaran da ba su balaga ba sukan ƙara ƙarfi da kimanin kashi 30 cikin ɗari a tsakanin mako 8 zuwa 20 na atisaye, kusan duk ta wannan ƙofar.

Ƙofa ta biyu ita ce kaurin zarurrukan kansu. Idan tsoka ta ja nauyin da ya fi wanda ta saba, sai ta shiga ƙera sabon furotin tana liƙawa a cikin kowane zare, kuma wannan aikin yana ci gaba kwana ɗaya zuwa biyu bayan an ajiye ƙarfen. Wato a lokacin hutu tsoka take girma. Yawan zarurrukan ba ya canzawa wani abin kirki, kauri suke yi. Amma wannan ƙofar ba ta buɗewa sosai sai da sinadarin testosteron, wanda jikin namiji yake fara zubawa da yawa idan balaga ta kankama. Kafin nan ko ka kwana a kan ƙarfe, kaurin da za ka gani kaɗan ne.

Shi ya sa gwada kanka da abokinka zalunci ne ga kanka. Yara biyu masu shekara 13 suna iya bambanta da shekara biyu ko uku a agogon jikinsu. Samari sukan kai ƙololuwar saurin tsayi wajen shekara 14, inda wasu kan ƙara santimita 9 ko 10 a shekara ɗaya, kuma cikar tsoka tana biyo bayan wannan zabura da wasu watanni. Tsayi ne yake fara zuwa, nama ya biyo baya. Idan muryarka ta buɗe, takalmi ya fara matse ka, wando ya ɗage, to lokacinka ya kusa. Kuma wanda ya shigo wannan lokaci da hannu a sabe, ya iya tsugunawa da nauyi daidai, ya iya riƙe bayansa, ya fi cin riba nesa ba kusa ba a kan wanda zai fara koyo a ranar.

Ni malamin wasanni ne, ina da yara maza da mata 'yan shekara 11 zuwa 15, kuma ba mu da kayan aiki sosai. Ku ba ni tsarin da zan bi. (Daga wani malami)

Malam, rashin kaya bai hana komai a farkon tafiya. Kwana biyu ko uku a mako, ba a jere ba, minti 30 zuwa 40 kowace rana, ya wadatar.

A fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10: sassarfa, gudu gefe-gefe, ɗaga gwiwa, juya kafaɗa da ƙugu. Ba a fara da miƙa tsoka a tsaya cak jiki na sanyi. Sannan a zaɓi motsi shida zuwa takwas da za su taɓa jiki duka. Tsuguna-tashi don cinya da ɗuwawu. Taku mai faɗi gaba ana sauke gwiwar baya kusa da ƙasa. Tura ƙasa da hannu a kife don ƙirji da kafaɗa, wanda bai iya ba ya dafa benci ko bango. Jan jiki sama a jikin sanda, ko jan igiyar roba zuwa ciki, don gadon baya. Kwanciya a rigingine a ɗaga ƙugu sama. Tokare jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa na daƙiƙa 20 zuwa 30. Sai koyon dira: a yi tsalle ƙarami a sauka a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba tare da ƙarar dirin ƙafa ba.

Kowane motsi zagaye ɗaya ko biyu a farko, maimaici 8 zuwa 15, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani. Bayan wata ɗaya ko biyu a kai zagaye uku. Ma'aunin nauyi mai sauƙi ne: yaro ya gama zagayen yana jin zai iya ƙara biyu ko uku da kyau. Idan ya cika 15 ba tare da siffarsa ta lalace ba a zama biyu a jere, a ƙara nauyi da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a koma maimaici 8. Ba a ƙara nauyi da yawan zagaye a mako ɗaya.

Aikinka na gaske shi ne ido. Ga abubuwan da suka fi lalacewa. Wajen tsugunawa gwiwoyi suna faɗawa ciki suna neman haɗuwa, alamar tsokar gefen ƙugu ba ta da ƙarfi; ka ce ya tura gwiwa ta bi saitin yatsan ƙafa. Diddige yana ɗagawa, alamar idon sawu ya ƙage; a rage zurfin tsugunon. Baya yana ƙusumbi wajen ɗaukar abu daga ƙasa, wannan a tsayar nan take, don shi ne uban ciwon baya. Wajen tura ƙasa ciki yana zubowa ƙugu ya lotsa. Sai riƙe numfashi har fuska ta kumbura. A koya musu fitar da iska lokacin da ake yunƙurin. Da zarar siffa ta ɓaci, zagayen ya ƙare, ko da lissafi bai cika ba.

Abu biyu za mu ƙara. Kada ka raba yara bisa shekaru kawai, ka duba girman jiki da ƙwarewa. Yaron da ya zabura da tsayi a 'yan watannin nan yakan koma kamar bai taɓa koyo ba, ƙafa da hannu sun yi masa tsawo, sai a rage masa nauyi na ɗan lokaci har ya saba da sabon jikinsa. Na biyu, kada atisaye ya zama horo na laifi. Yaron da aka saba sa wa tsallen kwaɗo don ya makara ba zai taɓa son tsugunawa ba, kuma maimaici ɗari-ɗari ga wanda bai saba ba yana iya farfasa tsoka har fitsari ya koma kalar shayi. Wannan na asibiti ne a ranar, don ƙoda ce take cikin haɗari.

Shekarata 16, nauyina kilo 55. A inda muke atisaye ana sayar da garin furotin, wani kuma ya ce akwai allurar da za ta cika ni cikin wata biyu. Wanne zan fara? (Daga wani matashi)

Ɗan samari, garin ba ka bukatarsa, allurar kuwa ka guje ta kamar wuta.

Mu yi lissafi. Matashin da ba ya wasanni yana bukatar kimanin giram 0.85 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai atisaye sosai, giram 1.2 zuwa 1.6 ya ishe shi. Kai ke nan giram 66 zuwa 88 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara giram 8, kofin dafaffen wake kimanin 15, giram 100 na dafaffen kifi ko kaza 20 zuwa 30. Ka raba sau uku ko huɗu, kimanin giram 20 kowane ci, ya fi ka tara duka a ci ɗaya. Abin da ya wuce bukata jiki ƙona shi yake yi ko ya adana, ba ya zama ƙwanji. Yawancin sirara masu kuka da rashin cika, abincin ne gaba ɗaya bai isa ba: jiki yana girma, yana wasa, yana atisaye, kuma idan hatsi da mai ba su biya kuɗin wannan aikin ba, furotin ɗin da aka ci shi za a ƙona. Ga kuma barci. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Wanda yake danna waya har ƙarfe biyun dare yana kuma neman garin gwangwani ya bar jaki yana dukan taiki. Matsalar garin ita ce ba a tantance shi kamar magani, kuma an sha gano wasu da aka cakuɗa da sinadaran da ba a rubuta a jiki ba. Ko kiriyatin, wani garin ƙarin ƙarfin tsoka da manya ke amfani da shi, likitocin yara ba sa ba da shawararsa ga wanda bai kai 18 ba.

Allurar da aka yi maka tayinta da alama sitiroyid ce, wato testosteron na kanti ko danginsa. Tana kumbura tsoka, ba za mu yi maka ƙarya ba. Amma jiki yana juya wani ɓangarenta zuwa sinadarin estirojin, wanda shi ne yake ba faifan girma umarnin rufewa. Abin da ake zargin ƙarfe da shi, wato gajarta mutum, allurar ce take yi da gaske, kuma faifan da ya rufe ba ya sake buɗewa. Bayan haka 'ya'yan maraina suna ƙanƙancewa saboda jiki ya daina yin nasa sinadarin, maniyyi yana raguwa, nono yana fitowa a ƙirjin namiji, ƙuraje su cika baya da fuska, jini ya hau, zuciya ta yi kauri, masu shan ta a ƙwaya kuma hanta ta jigata. Tsoka tana ƙarfi da saurin da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ba ta iya bi, sai ta tsinke. Ga saurin fushi lokacin amfani da baƙin ciki mai tsanani bayan an daina. Kana shekarun da jikinka da kansa yake zuba wannan sinadarin kyauta, fiye da yadda ya taɓa yi.

'Yata mai shekara 14 tana wasan ƙwallo, kocinsu ya sa su atisayen ƙarfi. Ina tsoron jikinta ya koma irin na maza. (Daga wata uwa)

Hajiya, kwantar da hankalinki. Testosteron ɗin da ke jinin mace bai kai kashi ɗaya bisa goma na namiji ba, don haka atisaye zai ba ta ƙarfi da tsayuwar jiki, ba ƙirar namiji ba. Kocin ya yi abin da ya dace. Bayan balaga 'yan mata sun fi samari yawan tsinkewar jijiyar da ke cikin gwiwa, wadda ke riƙe ƙashin ƙauri kada ya zame gaba, saboda jiki yana ƙara tsayi da nauyi ba tare da ƙarfin cinya da ƙugu ya ƙaru daidai da shi ba, sai gwiwa ta riƙa faɗawa ciki wajen dira da juyawa. Hukumar FIFA tana da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, kuma gwajin da aka yi a Norway a kan 'yan mata 'yan shekara 13 zuwa 17, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Abin da za ki sa wa ido daban ne. Idan al'adarta ta ɗauke wata uku a jere, ko tana ramewa, ko gajiya ta yi yawa, alama ce abincin bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne yake biyan bashin. A kai ta ga likita, kada a ce ai haka 'yan wasa suke. A shekarunta tana bukatar miligiram 1,300 na kalsiyom, wato sinadarin gina ƙashi, da miligiram 15 na sinadarin ƙarfe na jini a rana.

Ƙanena ɗan shekara 13 yana kuka da ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, har wurin ya yi ƙulli. Ya daina wasa ke nan? (Daga wani yaya)

Da alama ciwon nan ne da likitoci biyu, Osgood da Schlatter, suka bayyana a 1903, amma sai an duba shi kafin a tabbatar. Babbar tsokar gaban cinya tana ɗaure a saman ƙashin ƙauri, a daidai wurin da bai gama daskarewa ba. Idan ƙashi ya zabura da tsawo, tsoka ta ɗame, ga gudu da tsalle kullum, sai wurin ya yi ta fizguwa har ya kumbura. Irinsa yana faruwa a diddige ga yaran da suka ɗan fi shi ƙanƙanta. Ba sai ya daina gaba ɗaya ba. A rage tsalle da gudu zuwa inda ciwon ba ya sa shi ɗingishi, a ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle minti 15 bayan wasa, a riƙa miƙa tsokar cinya a hankali, a ƙarfafa ƙugu. Yakan lafa idan girma ya ƙare, ko da ƙullin ya zauna.

A bambance tsamin jiki da rauni. Tsami yana cikin naman tsoka, yana tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye, ya wuce da kansa. Ciwon da ke kan ƙashi ko cikin gaɓa, ko mai tada yaro daga barci, ko mai zuwa da zazzaɓi, ko ciwon baya da ke ƙaruwa in an lanƙwasa ta baya, waɗannan ba a jira da su. Ɗingishi da ciwon ƙugu ko gwiwa ga yaro mai jiki a shekarun balaga ma a gaggauta, don kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga faifansa. Kuma ku ƙirga awannin wasansa: ƙa'idar da ake bi ita ce awannin horo a mako kada su wuce adadin shekarunsa, da hutun kwana ɗaya ko biyu kowane mako.

Ƙwallo kaɗai ba ta isa gina jiki ba? Kuma gaskiya ne in an daina atisaye tsoka tana komawa kitse? (Daga wani ɗan wasa)

Ƙwallo tana gina numfashi, sauri da ƙashin ƙafa, amma nauyin da take ɗora wa tsoka ba ya ƙaruwa daga wata zuwa wata, kuma ba ta taɓa baya da kafaɗa sosai. Haka kowane wasa yake da gefen da ya fi ci: iyo yana gina kafaɗa amma ba ya buga ƙashi, gudun dogon zango ba ya kaurara tsoka. Zama biyu na atisayen ƙarfi a mako suna cike giɓin, kuma ko lokacin gasa a riƙe aƙalla ɗaya.

Tsoka ba ta komawa kitse, nama biyu ne daban. In an daina, zarurrukan suna sirancewa, ƙarfin da aka samu ya fara zubewa cikin wata biyu zuwa uku, kuma in cin abinci bai ragu ba kitse ya taru a kai. Wanda ya dawo bayan hutu yakan maido da ƙarfinsa da sauri fiye da yadda ya same shi da farko, amma makon farko ya fara da kimanin rabin nauyin da ya bari.